Kukan Bawul a Bakin Rijiya

Mu'azu ya ji shi tun kafin injin ya gama ɗaukar zafi. Ba kuka ne mai ƙarfi ba, ɗan tsaki ne siriri irin na tsohuwar da aka ɓata wa rai, yana fita ta ƙarƙashin rugugin inji. Ya tsuguna ya kara kunne. Daga bawul ɗin tsaro yake fitowa, wani ɗan ƙarfen tagulla da bai fi babban yatsa ba, wanda aka dasa a saman tankin iska domin in iska ta yi yawa ya buɗe ya rage ta, kada tanki ya fashe. Ya tsoma yatsa a gwangwanin ruwan sabulu ya ɗiga a bakinsa. Nan take kumfa ya tashi ya fashe, wani ya sake tashi.

A bakin rijiya yayansa Ladan ya riga ya tuɓe riga, yana ɗaura igiya a ƙugu. Takunkumin roba na rataye a wuyansa, dogon tiyo ya taho daga inji ya shiga cikinsa. Da wannan tiyon yake numfashi in ya sauka, don rijiyar ta yi zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ƙasanta, kuma jiya da yamma aka fasa dutsen cikinta da nakiya, hayaƙin yana nan kwance a ƙasa.

A shekarun nan ne aka karɓe mana sunan gari aka kai daji aka laƙa wa birnin da ba a ma gina ba, aka ce mu daga yau Suleja muke. 'Yan kwangila suka yi mana caa, kowa da motarsa da alƙawarinsa. Ɗaya daga cikinsu, wani Alhaji da leburorinsa ba su taɓa ganin fuskarsa da kyau ba sai ta gilashin mota, shi ya karɓi aikin haƙa rijiyoyi a filin da ke hanyar Madalla, inda za a gina wa ma'aikata gidaje.

"Yaya, dakata," in ji Mu'azu. "Kada ka sauka."

Ladan ko juyowa bai yi ba. "Me kuma ya faru, likita?"

Leburori suka kwashe da dariya. Likitan inji suke ce masa, saboda yadda yake kara kunne a jikin ƙarfe.

"Bawul na yoyo."

"To, iska ce fa, ba mai ba. Allah ya hore mana ita kyauta. In ta zube sai ya zuƙo wata."

Mu'azu ya zo ya cire takunkumin daga wuyan yayansa ya kara a kumatunsa. Iska na zuwa, amma a sanyaye. Makon jiya har gashin ido take kaɗawa, yau kuwa sai ka natsu kafin ka ji ta. Ya koma ya kashe injin.

Shirun bai gama sauka ba sai ga Mahmudu, heluman leburori, ya taho da sauri usur ɗinsa na rawa a ƙirji. Ba mugun mutum ba ne Mahmudu, tsoron Alhaji ne kawai ya cika masa ciki har bai bar wa wani tsoron wuri ba.

"Wa ya kashe mini inji?"

"Ni ne, Oga. Iskar da ke zuwa ba za ta ishi mutum a ƙasa ba. Sai na gano abin da ya sa bawul ke kuka."

"Kuka! Ƙarfe ne ke kuka? Kai Mu'azu, ran Juma'a masu duba aiki za su zo. Ruwa suke so su gani, ba surutu ba. Ka gyara ko ka toshe shi, ni dai in ji inji na aiki."

"Ba a toshe shi, Oga."

Mahmudu ya dubi Ladan, Ladan ya dubi ƙasa, sannan ya fara kwance igiyar ƙugunsa a hankali. Sauran leburori suka harari Mu'azu, don a wurin nan ranar da guga bai fito da ƙasa ba, babu mai komawa gida da ko sisi. Ni dai ban ga laifinsu ba. Yunwa ba ta san bawul ba, kuma kowannensu ya bar masu jiransa a gida.

* * *

Suka koma gindin mangoro suka haƙa ramukan dara. Da mai rogo ta zo suka saya suka ci, babu wanda ya ɗaga murya ya ce likita bismillah. Ya ji zafin abin, wallahi ya ji, amma ya sunkuyar da kai ga aikinsa.

Ya saki iskar tanki har ta ƙare, ya sa sifana ya kwance bawul ɗin, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta ya jera kayan cikinsa: hular sama, sifirin, da ɗan faifan da ke zama a bakin rami ya rufe shi. Oga Ignatius, makanikin da ya koya masa aiki a cikin gari, ya sha gaya masa cewa abin da ya fi sauƙi ake fara zargi. Don haka ya fara da datti. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a ƙarƙashin faifan ta isa ta sa yoyo. Ya roƙi ruwan zafi wurin mai shayi ya wanke su da sabulu. Bai sa kananzir ba, don iskar nan huhun mutum za ta. Ya bi mazaunin faifan da farce yana neman tsaga ko kaushi, ya ji shi sumul. Ya matsa sifirin tsakanin yatsu biyu, ya ture shi da ƙarfinsa kamar sabo.

Ya mayar da komai, ya zura handil ya juya, inji ya tashi. Wannan karon bai kalli bawul ba, agogon iska ya zuba wa ido. Allurar ta tashi da saurin da bai saba gani ba, ta wuce kore, ta taɓa gefen ja. Daidai nan tsakin ya dawo.

Ashe ba yoyo yake yi ba, buɗewa yake yi a daidai inda aka ce ya buɗe. Iska ce ke taruwa a tanki ta rasa hanyar wucewa. Ya bi tiyo da hannu tun daga takunkumi har inji, ko ya lanƙwashe a wani wuri ko dutse ya danne shi, bai ga komai ba. Abu ɗaya ya rage, matatar iska, wani tulun ƙarfe da ke tsakanin tanki da tiyo. Murfinta kuwa ba ya buɗuwa sai da sifana ta musamman, ita kuma makanikin kamfani ya tafi da ita Kaduna tun ranar da aka sauke injin.

Ya gwada da hannu, ya gwada da sifanar da yake da ita, murfi ko gezau. Rana ta karkata, 'yan dara suka kakkaɓe riguna suka watse ba sallama. Mu'azu ya rufe injin da tamfol, ya zare handil ya jefa a jakarsa. Ba handil ba inji, in ji shi a ransa, ba inji kuma ba mai sauka.

* * *

A unguwar Hashimi suke haya. Ladan da matarsa Sailuba suna ciki, Mu'azu kuma yana shagon zaure tun shekarar da matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ɗakin ba komai sai tabarma da akwatin sifanu. In ka cire yayansa, ba shi da wanda zai zauna da shi ya yi hira a garin nan.

Bayan magariba Sailuba ta ajiye musu tuwo a kwano ɗaya kamar kullum, ta koma ƙofar gida inda take suyar ƙosai. Kusa da kaskonta 'yar fitilar gwangwani ce, aci-balbal mai mariƙin waya, tana ci. Fitilar mahaifinsu ce. Haƙar rijiya gadon gidansu ne, kuma tsohon ya bar musu doka biyu: fitila ta riga ka sauka, in ta mutu a hanya kada ka bi ta, sannan igiya ba ta barin ƙugu sai ka fito. Da inji ya zo sai aka ce fitila ƙauyanci ce, Ladan ya kawo ta gida ya ba matarsa.

Ladan bai sa hannu a tuwon ba. Tsohon tub ɗin keke ya ɗauko yana yanka shi tsiri-tsiri da reza, zai ɗaure wa Sailuba hannun bokitinta da ya karye. Mu a garin nan ba abin da roba ba ta gyarawa. Famfo ya yi yoyo, roba. Ƙafar kujera ta tsage, roba. Takalmi, kariyar keke, bakin tiyo, duk roba, kuma in gaskiya za a faɗa tana riƙewa. Ladan kuwa gwani ne, in ya ɗaure abu sai dai a yanka.

"Ka kunyata ni gaban yara yau," ya ce, idonsa a kan reza.

"Yaya, ka yi haƙuri. Iskar ce ba ta isa."

"Ni na je na durƙusa wa heluma ya ɗauke ka aikin nan. Na ce ƙanena ne, ya san inji. Yau ga shi kai ne ka hana mutum goma abinci. Shekara nawa ina shiga rijiya kafin a ƙera wannan injin naka?"

"Da fitila kake shiga, Yaya."

"Fitila ga ta can tana nema mana na miya." Ya ja tsirin roba ya gwada ƙarfinsa. "Ni fa ban yi boko ba, amma ina da hankali. Ka ce iska na gudu ta sama, ni kuma ba ta isa gare ni a ƙasa. To a toshe ƙofar da take gudu mana. In an toshe, ina za ta in ba wurina ba?"

Maganar ta yi kama da gaskiya, shi ya sa ta fi ba Mu'azu tsoro.

"Ruwa ba ya tsami banza, Yaya. Ka ba ni gobe da safe kawai. Zan je wurin Oga Ignatius."

Ladan ya tattara robobinsa ya shige ciki. Tun suna yara bai taɓa tashi ya bar masa kwano ba sai yau. Mu'azu ya zauna shi kaɗai yana kallon tuwo har miyar ta yi sanyi ta kama fata.

Sailuba ta leƙo da ƙosai a ganye. "Mijina ƙarami, yau kuma tuwon nawa ne bai yi ba? Ko wata ce ta riga ni a hanya?"

Ya yi murmushin dole. Ta dubi ƙofar ciki, sannan ta rage murya.

"Kwana biyun nan yayanka da ciwon kai yake dawowa. Shekaranjiya har amai ya yi a bayan gida, ya ce kada in gaya maka. Mu'azu, ba dai wani abu ba ne ko?"

"Gobe zan gyara, Yaya Sailuba. Ba zai sauka ba sai na gyara."

Ta gyaɗa kai ta koma wurin kaskonta, hankalinta ya kwanta.

* * *

Da gari ya waye ya hau kekensa ya nufi garejin Oga Ignatius da ke bayan tasha. Ya tarar da ƙofa a rufe, mai garejin ya tafi coci na safe. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana jira, rana na ta hawa, jakarsa a kan cinya. Can sai ga shi ya taho, dattijo gajere mai furfura, wanda ya bar garin nan lokacin yaƙin basasa ya kuma dawo da yaƙi ya ƙare ya sake kafa rumfarsa daga tushe. Hausa a bakinsa tar take, sai dai harshen garinsu bai sake ta ba.

Mu'azu ya kwashe labari ya gaya masa. Ignatius ya saurara yana goge hannu da tsumma, ko da yake bai taɓa komai ba tukuna.

"Ka wanke shi?"

"Na wanke, Oga."

"Sifirin fa?"

"Da ƙarfinsa."

"Agogo ya kai ja kafin ya fara kuka, ko tun yana kore?"

"Sai da ya taɓa ja."

"To bawul ba shi da laifi. Shi kaɗai ne ma mai faɗin gaskiya a injin nan. Gaba ce ta toshe." Ya tsuguna ya zana tulu a ƙasa da yatsa. "Matatar nan gawayi ne a ciki, da auduga. Su ke kama ruwa da mai don kada mutum ya shaƙa. In sun ƙoshi sai su dunƙule kamar tuwon jiya, iska ta kasa wucewa. Yaushe aka canza su?"

"Tun da aka kawo injin ba a taɓa buɗe ta ba."

"Chineke!" Ignatius ya kira sunan Allah da harshensu, ya dafe kai. "Mutanen nan za su kashe mutum. Kuma mai sauka ɗan'uwanka ne?"

"Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ma cewa yake a toshe bawul, iska ta bi ta ƙasa dole."

"Abeg, kada ka bari kowa ya taɓa shi. In an toshe, ko dai tanki ya fashe ya kwashe ƙafafun wanda ke kusa, ko kuma ƙarfin iska ya tura ƙazantar nan cikin tiyo ta cushe shi gaba ɗaya. Mai sauka ba zai ma sani ba. Barci zai ji yana ɗibarsa, shi ke nan."

Ya shiga cikin rumfa ya daɗe yana birkita akwatuna, ya fito da wata sifana mai baki kamar ƙugiya, da ƙullin gawayi na musamman da ya rage masa tun wani aiki da ya yi a wurin haƙar ma'adinai. Ya nuna masa yadda zai jera auduga da gawayi. Mu'azu ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har ya yi dariya karo na farko tun jiya.

"Yanzu wa ka bari a wurin injin?" in ji Ignatius.

"Ba kowa. Ai ba mai iya tayar da shi." Ya buɗe jaka ya nuna masa handil.

Ignatius ya kalli handil ɗin, ya juya shi a hannu, fuskarsa ta canza.

"Irin wannan ai duk ɗaya ne da na injin niƙa. Akwai mai niƙa kusa da wurin?"

Akwai. A bakin hanya yake, inda matan Madalla ke kai dawa. Mu'azu ya tattara kayan ya cusa a jaka, ya fizgi kekensa.

* * *

Bai san yadda ya ratsa kasuwa ba. Ya fita gari, Dutsen Zuma na tsaye a gabansa ba ya matsowa, ƙafafunsa na tuƙi har cinyoyinsa suka ɗauki wuta. Tun kafin ya ga filin ya jiyo injin. Yana aiki, amma da nishi, kamar jakin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa. Ya kasa kunne yana neman tsakin nan a ƙarƙashin rugugi. Babu shi.

Ya yar da keken tun yana gudu. Leburori na zaune a bakin rijiya suna hira, Yakubu mai jan igiya ya naɗe ta a hannu yana cin goro. Mahmudu ya tarye shi da fara'a.

"Likita, ka makara! Mara lafiya ya warke ba allura. Ka ji shi, shiru kake ji."

Mu'azu ya wuce shi. Bawul ɗin na nan an naɗe shi da baƙar roba tam, ko tagullar ba a gani. Allurar agogo ta wuce ja ta je ta jingina da ƙusar ƙarshe tana kakkarwa. Ya damƙi tiyo a bayan matata ya matsa. Ya lotse a hannunsa, fanko.

"Yaushe guga ya fito na ƙarshe?"

"Ya ɗan jima," in ji Yakubu. "Dutse ya samu, ina ji."

"Ya ja igiya?"

"Bai ja ba. Ai da da matsala da ya ja."

Mu'azu ya kashe injin, ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya ya ƙwala kira. "Yaya! Yaya Ladan!" Muryarsa ta sauka ta dawo masa ita kaɗai.

"Ku ja!" ya daka musu tsawa. "Ku ja, don Allah!"

Suka kama igiya su duka har da Mahmudu. Da nauyi ta taho, nauyin da ba ya taimakon mai jansa. Ladan bai karya doka ta biyu ba, igiya na ƙugunsa. Ya fito a naɗe, kai da ƙafafu na reto, takunkumi na fuskarsa. Da Mu'azu ya cire shi sai ya ga baƙin ruwa mai maiƙo ya taru a ciki, ya ɓata masa gemu. Ya share masa baki da rigarsa, ya hura masa iska, ya danna ƙirji, ya sake hurawa. Ya yi ta yi har wani dattijo cikin leburori ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bar shi haka, ɗana."

Aka rufe Ladan da rigarsa. Wani ya tafi neman mota. Mu'azu ya miƙe ya taka zuwa wurin injin, shi kansa bai san me zai yi a can ba. So yake ya ga hannun da ya yi wannan aiki, ya shaƙe mai shi. Ya sunkuya a kan robar yana neman bakinta.

Zagaye biyu, a soke wutsiya ta ƙasa, a ja ta baya. Ƙullin Baba ne, wanda yake ɗaure igiyar rijiya da shi. Mutum biyu kaɗai tsohon ya koya wa a duniya, ɗaya ga shi tsaye.

Ya kwance shi a hankali, don ya san ta inda ake kwancewa. Robar na saki, iskar da ke tsare ta ƙwace da wata irin ƙara da ta sa tsuntsayen mangoro suka tashi, maza suka toshe kunnuwa. Ta daɗe tana yi kafin ta koma ɗan tsakin nan na jiya, sannan ta yi shiru. Mu'azu ya cusa robar a aljihu.

* * *

Kwana ya ƙare. Haka kowa ya ce a zaman makoki, daga liman har mai shayi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in ji wani. Wani ya ce ai Ladan ya yi kyakkyawan ƙarshe, wajen neman halak ya cika. Ni ma na yarda da ajali, wa ya isa ya ƙi? Amma abin da ya ƙona mini rai shi ne, a duk tabarmin nan babu bakin da ya tambayi yaushe aka buɗe matata.

Ranar sadakar uku Mahmudu ya zo da buhun shinkafa a bayan akori-kura. Alhaji ne ya aiko, ya so zuwa da kansa amma tafiya ta kama shi. Aka yi ta sa albarka. Da mutane suka ragu sai heluman ya matso kusa da Mu'azu ya rage murya.

"An samo wani mai haƙa daga Tafa, gobe zai fara. Mai niƙa zai riƙa leƙa mana injin kafin ka huta. Mun zazzage tiyo mun busa shi, iska na ɗan fita. Bawul ɗin ma mun sake ɗaure shi."

"Oga, ga sifana, ga gawayi. Aikin rabin yini ne. Ku bari in buɗe matatar."

"Alhaji ya ce kada wanda ya sake taɓa kayan kamfani sai makanikin Kaduna ya zo."

"Yaushe zai zo?"

Mahmudu ya ɗaga kafaɗa.

"Wani zai mutu, Oga."

"Subhanallahi! Kai ne Allah?"

Mu'azu ya dubi leburorin da ke zaune a tabarma, waɗanda suka ja igiya da hannunsu suka ga abin da ya fito. Yakubu na tsintar zaren tabarma, dattijon nan na jan carbi, sauran kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ko ranar da ya binne matarsa.

Bayan magariba ya shiga cikin gida ya tsaya a ƙofar ɗakin Sailuba ya yi sallama. Tana takaba, ta bayan labule ta amsa.

"Yaya Sailuba, fitilar Baba nake so ki ara mini. Gobe da asuba zan kai wa mutumin Tafa, in ya yarda ya karɓa."

Ta ɗan jima, sannan hannunta ya fito ta gefen labule riƙe da fitilar, tana ci.

"Ka riƙe a hankali, mariƙin ya tsinke jiya. Na tsinci roba a wurin alwala na ɗaure. Cikin waɗanda yayanka ya yanka ran nan ne, ina ji. Ban iya irin ɗaurinsa ba."

Ya taɓa aljihun da ya cusa robar bawul a ciki, ba komai. Ya dubi robar a hasken fitila. Har yanzu tana lanƙwashe da siffar abin da aka naɗe da ita, ga koren tsatsar tagulla a cikinta.

"Mu'azu," ta ce, muryarta ta dushe. "Ka ce mini ba zai sauka ba sai ka gyara. Injin ne? Ko wani ne ya yi masa?"

Ya tsaya da amsar a bakinsa. In ya faɗa, ƙullin mijinta zai miƙa mata ta kwana da shi har ƙarshen ranta.

"Kwana ne ya ƙare, Yaya Sailuba," ya ce.

Ya ji ta ja numfashi ta fara salati. Ya koma shagon zaure, ya ajiye fitilar a ƙasa tsakanin handil da ƙullin gawayi, ya zauna a tabarma ya jingina da bango. Kwanon tuwon da maƙwabta suka aiko na gefe a rufe, cin mutum biyu. Fitilar na ta ci abinta lafiya lau, harshenta a miƙe, ko rawa ba ya yi.